Hannuna Bai Taɓa Injin Ba

Talata, 6 ga watan Cika-ciki, bayan la'asar

Littafin nan na Aziza ne, ragowar na makarantarta, rabinsa babu rubutu. Ba ta san na ɗauka ba. Rubutuna kuwa duk wanda ya gani ya san na mutumin da ya yi wata uku a ajin yaƙi da jahilci ne, ya yi faɗa da malamin, ya fito. To ba don kowa nake yi ba. Matata Hajo ce ta ce kwana biyun nan ina magana ni kaɗai a gona, mutane sun fara juyowa. Gara in yi wa takarda.

Abin da ya faru shi ne shafuka sun ɓace.

Ƙungiyarmu ta manoma da masunta na fadama tana da wuri a intanet, shekara guda ke nan. Jikata Aziza ce take kula da shi. Ita ce mace ta farko da ƙungiya ta taɓa ba aiki, kuma sai da aka sha gardama. Wuri ne mai ƙofa uku: ka danna nan ya yi maka Hausa, nan Barbarci, nan Turanci. Tarihin wurarenmu ni na faɗa da bakina, Aziza ta rubuta. Fannami na ƙetaren ruwa ya juya shi Barbarci, aka ɗauki muryarsa aka ɗora, don tsofaffin matansu su danna su ji. Matan da duk sun fi ni jin Hausa. Ban ce komai ba lokacin.

Yau da safe aka kira Aziza daga ƙetare. Wai in an danna Barbarci a shafin Wuyan Raƙumi, mashigar da ke kawo ruwan kogi gonakinmu da nasu, sai wayar ta yi fari fat. Babu Fannami, babu muryarsa. Sai lamba uku: huɗu, sifili, huɗu.

Ta nuna min. Na ce ikon Allah.

Laraba, 7 ga wata, da hantsi

Tun da ta idar da sallah take fama. Ta gwada wayarta, ta gwada ta Hajo, ta aro ta maƙwabta. Ta kashe ta kunna. Ta ce wai waya takan riƙe tsohon abu a cikinta, sai an share, ta share. Ta hau tudun bayan gari inda sabis ya fi ƙarfi, ta dawo zaninta duk ƙarangiya.

Ta same ni ina gyaran ƙotar fartanya. Ta ce, “Ango, kai ko a jikinka. Amaryarka na shirin haukacewa kana sassaƙa.”

Na ce, “Ai na gaya miki tun farko, ki bar injin nan ki zo ki dafa min tuwo kamar kowace amarya.”

Ta ce, “In dafa wa wa? Haƙori nawa suka rage maka?”

Haka muke da ita tun tana rarrafe. Ni ne Ango, ita ce amarya, Hajo tana gefe tana cewa ta sakar mata ni kyauta. Yau na yi dariyar, amma ba ta sauka cikina ba.

Alhamis, 8 ga wata, da azahar

Hannuna bai taɓa injin kowa ba. Ban ma san inda ake kunna shi ba.

Juma'a, 9 ga wata, bayan masallaci

Yanzu shafi uku ne, ba ɗaya ba. Na Wuyan Raƙumi, da na shekarar fari, da na sanarwar gayya. Wannan na ƙarshen shi ne ya tada wa shugaba Alhaji Modu hankali, don ranar Asabar ta sama za a fita yankan kacala, ciyawar nan da ta toshe mashigar. In ba a yanke ta ba kafin ruwan kogi ya iso, ruwan zai bar hanyarsa ya hau shinkafar kowa. Mu kaɗai ba ma iyawa. Kwale-kwalen na mutanen ƙetare ne.

Tunda takarda ba ta da baki, bari in faɗi wasu abubuwa.

Ranar da aka buɗe wurin nan, wa aka ba lasifika? Fannami. Ni da na faɗi tarihin aka ce in tsaya a gefe, lokaci ya ƙure. Hotonsa yana nan a kan kujera, da zanna-bukar, yana kallon duniya. Nawa kuwa ta baya aka ɗauka, ina sunkuye a gona. Wanda bai san ni ba cewa zai yi buhu ne aka jingine. Na yi magana? Ban yi ba.

Sannan watan jiya a kasuwar kifi ta Hadejia, wani ɗan banza ya buɗe wayarsa a gaban jama'a ya ce, “Baba Shu'ibu, ashe Barebari ne suka haƙa muku mashigar? Ga shi nan, Zarami. Ku sai shan ruwa.” Aka yi ta dariya. Sunan ubana Usaini yana nan a rubuce kusa da na Zarami uban Fannami, amma idonsa bai gan shi ba. Nasu ne a gaba. Kullum nasu ne a gaba.

Ban ce wannan yana da alaƙa da komai ba. Faɗa kawai na yi.

Asabar, 10 ga wata, da yamma

Cika-ciki. Hajo ta dafa jelar ragon layya da ta adana, ta tuƙa tuwon shinkafa kamar za a ciyar da unguwa.

Fannami ya ƙetaro kamar yadda yake yi duk shekara, shekara hamsin da wani abu. Tun daga ƙofar gida yake ihu: “Ina bawana? Ina Bafulatanin da ba shi da ko akuya? Fito ka gaida ubangidanka!”

Na ce, “Wa ya bar ƙofa a buɗe Babarbare ya shigo? Hajo, ƙirga tukwanenki.”

Ya ajiye min ƙullin bandar tarwaɗa, manya, irin waɗanda ba ya sayarwa. Muka zauna. Ya ce wa Aziza, “Jikata, an ce injinki ya haɗiye ni. Ki gaya masa Babarbare ba ya narkewa, zai yi masa ciwon ciki.” Ta yi dariya, ta ba shi haƙuri. Ya ce haƙurin me, inji ne, ko na ban-ruwa yakan ƙi tashi.

Yau ranar da ake ci har a kasa tashi ce. Loma huɗu na yi. Fannami ya dube ni ya ce, “Shu'ibu, lafiya?” Sunana ya kira. Ya fi shekara bai kira sunana ba.

Na ce haƙori ne.

Litinin, 12 ga wata, da hantsi

Ta samu Abdulfattah a waya, mutumin Dutse da ya gina wurin. Ta buɗe muryar tana rubuta abin da yake faɗa, ni ina zaure ina jin komai.

Ya ce ta danna Turanci a shafukan nan uku. Ta danna. Fari fat. Ashe har Turancin ya tafi, ba wanda ya lura, don ba mai buɗe shi sai baƙi.

Sai ya ce, “To na gane. Ba lalacewa ya yi ba, aikinsa yake yi.” Wai haka ya tsara shi: shafin Hausa shi ne uwa, Barbarci da Turanci 'ya'ya. In aka canja ko kalma ɗaya a jikin uwar, sai 'ya'yan su ɓuya da kansu, don kada Hausa ta faɗi abu ɗaya Barbarci ya faɗi wani. Ba za su fito ba sai mai fassara ya ji sabon ya ce ya yarda.

Aziza ta ce, “Ai ban canja komai ba.”

Ya ce, “To wani ya canja. Ki duba.”

Ba wanda ya taɓa gaya min haka abin yake. Da an yi wa mutane bayani tun farko. Inji ya riƙa yanke hukunci shi kaɗai, ba shawara, ba sallama.

Talata, 13 ga wata, da asuba

Hannuna bai taɓa shi ba.

Laraba, 14 ga wata, bayan azahar

Ta ɗauko tsohon littafin da ta rubuta maganata a ciki bara, ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, waya a hannun hagu, littafi a dama, tana bi layi layi da yatsa. Na so in tafi gona. Ƙafata ta ƙi.

Can sai ta tsaya. Ta sake karantawa. Ta ce, “Ango, zo ka ji. A littafi ka ce, ‘Zarami da Usaini ne suka haƙa Wuyan Raƙumi a shekarar fari.’ A waya kuma an ce, ‘Usaini ne ya haƙa.’ An cire Zarami. Duk shafi ukun an cire shi.”

Na ce to.

Ta ce, “Wane marar tsoron Allah ne zai yi wannan?”

Hajo tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Na ji rariyar ta tsaya.

Na ce duniya ce, mutane iri-iri ne. Na ɗauki fartanyata.

Alhamis, 15 ga wata, da magariba

Ta mayar da sunan tun jiya. Na ɗauka shi ke nan. Ashe sai Fannami ya ce ya yarda kafin Barbarcin ya dawo. Ta shiga kwale-kwale da safe ta je.

Labari ya riga ta. Wani ɗansu ya karanta musu Hausar tun kafin ta gyara. Ta ce ta tarar da maza cike da ƙofar gidansa, ba wanda ya amsa sallamarta da kyau. Ta ce musu har Turancin ma ya ɓace, ba su kaɗai ba ne. Wani ya ce, “Turanci uban wa ya haƙa?”

Fannami ya sa an kawo mata ruwa. Ya ce, “Jikata, da inji ne da tuni na danna miki. Amma inji bai san Zarami ba balle ya tsane shi. Hannu ne. Ba zan sa muryata a wurin nan ba sai na ga hannun.”

Taurin kai. Duk haka suke. An mayar maka da sunan ubanka, me kuma kake nema?

Asabar, 17 ga wata, bayan la'asar

Mun fita gayya. Mu talatin da 'yan kai, da lauje da adda. Muka tsaya a bakin ruwa muna kallon ƙetare. Kwale-kwalensu goma sha ɗaya a ɗaure, a jere, ba kowa a ciki.

Muka shiga iya inda ƙafa take taɓa ƙasa. Kacalar ta fi tsayin mutum biyu. Abin da muka yanke zuwa azahar bai kai tsawon zauren gidana ba.

A hanyar dawowa na ji ana cewa, “Dama mun faɗa. Aikin maza aka ba yarinya.” Wanda ya faɗa ya san ina bayansa.

Ban tanka ba. Ni Shu'ibu, da ban taɓa barin magana ta kwana ba.

Lahadi, 18 ga wata, da hantsi

Abdulfattah ya aiko wa shugaba da sakamako. Wai injin yana rubuta duk wanda ya shiga, da rana, da lokaci. An shiga ranar Lahadi huɗu ga wata, da hantsi, daga cikin Hadejia. Da lambar sirrin Aziza.

Alhaji Modu ya ce za a zauna ranar Alhamis, da mu da mutanen ƙetare. Ya ce wanda lambarsa ta buɗe ƙofa shi ne zai amsa.

Mutanen garin nan ajiyarsu a hannuna take tun ina da baƙin gashi. Takardun gona, wasiyya, zoben marayu. Adakata ba ta taɓa cin kayan kowa ba. Shi ya sa bara, da Abdulfattah ya ce wa Aziza ta rubuta lambar a takarda ta ajiye inda ba za a taɓa ba, ba ta yi dogon tunani ba. Ta ninke ta huɗu ta miƙo min. Ta ce, “Ango, ga makullin ɗakina.”

Yau ta zo ta ce in ba ta takardar.

Na buɗe adaka na miƙa mata. Ninkin uku ne yanzu. Kuma akwai ɗigon shuɗin biro a ƙarƙashin kowane harafi, irin na mai bi yana dannawa ɗaya bayan ɗaya. Ita da baƙi ta rubuta.

Ta daɗe tana kallon takardar. Ban ɗago ba, ƙafafunta kawai nake gani.

Ta ce, “Na gode, Baba.”

Baba.

Litinin, 19 ga wata, da azahar

To bari in rubuta.

Ranar Lahadin nan na shiga Hadejia cin kasuwa. Akwai shagon wani Haris, mai buga wa mutane takardu da kwamfuta, mutum ne mai iyali, ba ruwansa. Na ba shi takardar na ce ya buɗe. Na ce duk inda ya ga Zarami ya cire. Ya ce, “Baba, mai shafin ta sani?” Na ce jikata ce, ita ta aiko ni, kuskure ne aka yi.

Bai kai shan kofin shayi ba ya gama. Ya karanta min: Usaini ne ya haƙa. Na ce ya sake karantawa. Ya sake. Na fito ina jin kamar an ƙara min tsawo.

A tunanina Hausar ce tawa. Bakina ne, in na so in gyara. Su riƙe Barbarcinsu su faɗi abin da suka ga dama, ni in riƙe nawa. Ban san a ɗaure suke da igiya ɗaya ba.

Hannun Haris ne ya taɓa injin. Wannan gaskiya ne. Kwana goma sha biyar ina riƙe da ita, ban ga abin da ta tsinana min ba.

Talata, 20 ga wata, bayan la'asar

Aziza takan kawo min abinci ta durƙusa ta ce, “Ga shi, Baba,” ta tashi. Ladabi kamar baƙuwa. Da ta zage ni da ya fi sauƙi.

Hajo ta same ni a zaure. Ba ta zauna ba. Ta ce, “Malam, na ji ta tana gwada abin da za ta faɗa ranar Alhamis. Cewa za ta yi ita ce, kuskure ta yi wajen gyara.”

Na ce ban sa ta ba.

Ta ce, “Ba ka hana ta ba.” Sai ta ce, “Ni fa a gidan nan na tarar da uwarka. Ta ba ni labarin shekarar fari, ba sau ɗaya ba.” Ta juya ta shige.

Shekarar fari ina da shekara sha huɗu. Shanun da suka rage mana suka mutu a wata biyu. Ubana ya ce zai je Chadi ya dubo abin yi. Ya tafi. Zarami ne ya yi ta bin busasshiyar fadama da sanda, yana zuba ruwan buta a ƙasa yana kallon inda zai gangara, mutane na cewa yunwa ta taɓa masa kai. Shi ya ja layin. Shi ya fara sara. Ni ina ɗaukar ƙasa a kwando, da yamma ya ba ni abin da zan kai wa uwata, kuma bai taɓa bari a gani ba.

Ubana ya dawo bayan shekara biyu, ruwa na gudu a mashigar. Ko cebur ɗaya bai ɗiba ba.

Bara da na ce “Zarami da Usaini,” Fannami yana zaune a gefena. Ya dube ni, ya dubi ƙasa. Ya juya shi Barbarci yadda na faɗa, da muryarsa, ya ba ubana rabin mashigar kyauta.

Ni kuma na je na ƙwace ɗaya rabin.

Laraba, 21 ga wata, da safe

An ce ruwan kogi ya fara motsi daga sama. Kwana goma, ko ƙasa da haka.

Laraba, da yamma

Na fitar da babbar rigata. Na mayar. Na sake fitarwa.

Alhamis, 22 ga wata, bayan la'asar

An cika rumfar ƙungiya har waje. Mutanen ƙetare a hagu, mu a dama, tsakani kamar an share. Fannami a gaba, bai kalle ni ba. Aziza ita kaɗai ce mace, a tsaye, ta riƙe takarda.

Alhaji Modu ya karanta sakamakon Abdulfattah. Ya ce, “Aziza, lambarki ce. Me za ki ce?”

Ta ce, “Ranka ya daɗe, ni ce na…”

Na ce, “Zauna.”

Ban san na miƙe ba sai da na ji gwiwata ta yi ƙara. Shugaba ya ce, “Baba Shu'ibu, a bari ta gama.” Na ce shekara guda ke nan ana ce min lokaci ya ƙure, yau sai na yi magana.

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Hannuna bai taɓa injin ba.” Wallahi shi ya fito. Na ga Aziza ta runtse ido.

Sai na ce, “Amma ni na kai takardar. Ajiya ta ba ni, na buɗe. Na je Hadejia na yi ƙarya da sunanta, na sa aka cire Zarami. Ba ta sani ba sai ranar Lahadi. Abin da za ta faɗa muku yanzu ƙarya ce, don ta rufa min asiri.”

Wani daga hagu ya fara ɗaga murya, Fannami ya ɗaga hannu, mutumin ya yi shiru.

Ya ce, “Shu'ibu, wa ya haƙa Wuyan Raƙumi?”

Na ce Zarami.

Ya ce, “Da wa?”

Nan ne wurin. Da na ce da Usaini, na san zai bar min, kamar bara. Yana kallona yana jira, kuma na ga a fuskarsa zai bar min.

Na ce, “Shi kaɗai. Ubana yana Chadi.”

Ban taɓa faɗar wannan ba ko a ɗaki. Na faɗe shi a gaban mutum ɗari, da 'ya'yan 'ya'yan Usaini a zaune.

Fannami ya juya wajen mutanensa ya ce, “Kun gani? Mun saba Bafulatani ya kore saniyar mutum. Wannan da ba shi da wurin ɗaure saniya, uban mutum ya kore.” Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Ya ce, “Jikata, kawo wayar nan. Ina ake dannawa?”

Ta ce sai an gyara Hausar tukuna, tunda ta sake canjawa. Ya ce to a gyara, shi ba ya gaggawa, ruwa ne yake gaggawa.

Aziza tana nan a aikinta. An ja mata kunne kada ta ƙara ba kowa lambar, ko wane ne. Shugaba bai kalle ni ba da ya ce ko wane ne. Ba sai ya kalla ba.

Juma'a, 23 ga wata, da yamma

Mutum huɗu sun zo karɓar ajiyarsu. Kowa da dalilinsa: wannan zai kai kotu, wancan ɗansa ne yake son gani. Na ba su, na ce su duba da kyau. Ba wanda ya duba a gabana. Adakar ta yi sauƙin ɗauka.

Aziza ta yi sabuwar lamba. Na gan ta ta ninke takarda huɗu ta ba Hajo. Hajo ta soke ta a bakin zani ta wuce ta gabana kamar hakimi.

Asabar, 24 ga wata, bayan la'asar

Kwale-kwale goma sha ɗaya, duk sun zo. Ba a bar ni na shiga ruwa ba, wai tsufa. Aka sa ni jan kacalar da aka yanke zuwa tudu. Na ɗauka a ka. Shekara sittin, ga ni a wuri ɗaya da kaya a ka.

Da aka tsaya cin abinci Aziza ta buɗe shafin ta danna Barbarci. Babu huɗu, sifili, huɗu. Muryar Fannami ta fito, matan ƙetare suka matso. Ba na jin Barbarci sai na zagi, amma na ji Zarami. Can kuma na ji Shu'ibu.

Na ce, “Kai, Babarbare, me ka ce a kaina?”

Ya ce, “Cewa na yi bawanmu ne, mun saye shi da bandar tarwaɗa.”

Aziza ta danna Hausa ta karanta, ba ta dube ni ba: “Zarami ne ya haƙa. Cikin yaran da suka ɗauki ƙasa akwai ɗansa Fannami, da Shu'ibu ɗan Usaini, wanda bai yi fashin kwana ɗaya ba.” Ta ce Fannami ne ya ce a sa, kuma dole ta sa a Hausar, in ba haka ba shafin ba zai fito ba.

Na ce hayaƙin wutar nan ya cika yawa, wa ya hura ta da ɗanyen itace.

An buɗe fiye da rabi. Gobe za a ƙarasa in Allah ya so.

Da za a watse ta zo wucewa da wayarta a hannu. Ta ɗan tsaya. Ta ce, “Tsoho, hularka ta karkace.”

Ba Ango ba ne. Amma ba Baba ba ne.

Na bar hular yadda take har gida.